Hutun da Kike Ba Gwiwar Nan Shi Ne Ke Cin Ta

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce, shekaruna 58. Yau shekara uku ke nan gwiwoyina suna damuna, ta dama ta fi tsanani. Da na je asibiti aka yi mini hoto, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin gwiwar ya zaizaye. Tun daga ranar 'ya'yana suka hana ni komai. Ko tsintsiya na ɗauka sai a karɓe, a ce in zauna kar in ƙarasa ɗan abin da ya rage. Na zauna ɗin, amma ciwon sai gaba yake yi, kuma na tashi daga kilo 84 na koma 93. Na yi ta shan ibufurofen kullum har cikina ya fara zafi, na bari. Wata ta ce in daina cin tumatir da dankali, na daina, ban ga canji ba. Mako shida da suka wuce wata ƙawata ta kawo mini kwalbar wasu ƙwayoyi da aka rubuta ganye ne zalla. A kwana uku ciwon ya ɗauke kamar an zare ƙaya, sai dai ana ta ce mini fuskata ta yi kumari. Ni dai na gaji da shan magani. Wane abinci zan ci, wanne zan bari? Kuma da gaske ne motsa jiki yana taimakawa, ko kuwa ƙara goge gwiwar zai yi?

Mai ciwon gwiwa

Wa alaikumus salam Yaya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

A kan abinci da motsa jiki kika yi tambaya, kuma can zan fi daɗewa, amma ba zan iya tsallake zancen kwalbar nan ba, don ita ta fi tsaya mini a rai. Ganye ba ya ɗauke ciwon shekara uku a kwana uku. Abin da ke yin wannan aiki sananne ne: maganin sitiroyid irin su deksametason, ko masu kashe zafi irin su diklofenak. An sha kama masu haɗa ƙwayoyi suna zuba su a ɓoye, sannan su rubuta “ganye zalla” a jikin kwalba. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wasu ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake sayarwa da sunan na gargajiya, bayan gwajinta ya gano waɗannan magunguna biyu a cikinsu, alhali ba a rubuta su ba. Kumarin fuska kuwa yana cikin tabon da sitiroyid ke bari a jikin wanda ya jima yana sha, tare da hauhawar sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Ruwa ba ya tsami banza. Ki ɗauki kwalbar da kanta ki kai wa likita cikin makon nan, ki faɗa masa tsawon lokacin da kika yi kina sha, a auna sukarinki da jininki. Sai dai kada ki yanke ta rana ɗaya kafin ki gan shi. In har sitiroyid ne a ciki, jikinki ya saba samu daga waje ya rage yin nasa, kuma yankewa farat ɗaya tana iya kayar da mutum. A hankali ake janye shi, bisa tsarin likita. Ki kuma sa a ranki cewa ciwon zai dawo idan aka janye. Dama yana nan, lulluɓe shi aka yi.

To, mu koma kan gwiwa. Ƙauna ce ta sa 'ya'yanki suka zaunar da ke, Allah ya yi musu albarka, amma garin neman gira ake rasa ido. Ke da su duk kun ɗauki gwiwa tamkar tafin takalmi: kowane taku yana cin wani abu daga jikinsa, don haka a yi tattalin abin da ya saura. Ita kanta kalmar “zaizayewa” tana ƙara cusa wa mutum wannan tunani. Amma takalmi ba shi da rai, gwiwa kuwa tana da shi, tana ci tana sha, kuma yadda take cin abincinta shi ne amsar tambayarki ta ƙarshe.

Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Yawancin sassan jiki jini ne ke kai musu abinci har ƙofa, shi kuwa daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samu, wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai. Kamar soso yake aiki. Idan kika taka, nauyinki ya matse shi, ruwan da ya gama aiki ya fita. Idan kika ɗaga ƙafa ya saki, sabo ya shiga. Wanda ya wuni a kujera ya bar gwiwarsa da yunwa ne. Shi ya sa idan kin daɗe a zaune kika miƙe, takun farko yake zame miki kamar ƙofar da ta yi tsatsa, bayan taku goma ko ashirin kuma ki ji ta ɗan saki.

Sai kuma tsoka. Babbar tsokar nan ta gaban cinya ita ce ke tare jijjigar kowane taku kafin ta isa ga ƙashi, ita ce kuma ke riƙe gwiwa kada ta yi ta lilo. Tsoka ba ta da haƙurin zama, makonni kaɗan na rashin aiki sun isa ta fara zubewa. Ki duba wasiƙarki da kyau za ki ga labarin a jere: ciwo ya sa kin zauna, zama ya raunana cinya ya kuma ƙara miki kilo tara, raunanniyar cinya ta bar wa gwiwa ɗaukar nauyin da ya fi na da, ciwo ya ƙaru, kika ƙara zama. Shekara uku kina zagaya wannan da'ira, kuma kowane zagaye ana ce miki ki ƙara hutawa.

Kada hoton nan ma ya karya miki zuciya. Likitoci sun daɗe da lura cewa abin da hoto ke nunawa da abin da mutum ke ji ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai mai hoto mai ban tsoro yana yawonsa, akwai mai hoto kusan lafiya lau ba ya iya barci. Dalili kuwa, guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Zafin daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa yake fitowa, da tantanin da ya kewaye gaɓar idan ya kumbura, da jijiyoyi da tsokoki na gefe. Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba: babu abinci ko motsa jikin da zai mayar da guringuntsin da ya tafi. Amma ciwo yana iya raguwa sosai, tafiya ta dawo, hoton kuma yana nan yadda yake. Hoto ba shi ke hawa matattakala ba.

Abu ɗaya nake so ki tabbatar kafin mu ci gaba. Sunan “amosanin gaɓɓai” laima ce da ta rufe cututtuka fiye da ɗari, kuma shawarar wani ba ta wani ba ce. Naki, bisa abin da likita ya faɗa da shekarunki da wurin da ya kama, shi ne wanda ya fi yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Alamarsa ita ce sandarewar safe ba ta wuce rabin awa. Idan kuwa sandarewar tana kai awa guda ko fiye, ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu suna kumbura dama da hagu a tare, ga gajiya marar dalili, to wannan ya yi kama da wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓai. Shi ba a jinkiri da shi, ba a kuma dogara ga abinci, domin yana lalata gaɓa da wuri idan ba a fara magani irin su metotireksat ba. Akwai kuma gawut, mai far wa babban yatsan ƙafa cikin dare saboda taruwar sinadarin yurik asid. Duk ranar da wata gaɓa ta yi ja, ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, ranar asibiti za ki, ba sai gobe ba.

Yanzu ga aikin. Ba kya buƙatar wata na'ura, kujera mai ƙarfi marar taya ta isa. Ki jingina ta da bango, ki zauna, ki miƙe tsaye a hankali, ki koma ki zauna a hankali ba tare da kin faɗa ba. Komawar ma tana da nata amfanin, don haka kada ki yi mata gaggawa. Idan kujerar ta yi miki ƙasa ki ɗora matashi a kai, idan sai kin dafa ki dafa, ba abin kunya ba ne. Ki fara da sau biyar, safe da yamma. Bayan mako guda ki mayar da shi takwas, sannan goma, har ki kai goma sau uku da ɗan hutu a tsakani. Wannan motsi shi kaɗai, in aka dage da shi, yana canza yadda mutum ke tashi daga gado da yadda yake sauka daga mota. Idan kin gama, kina zaune ki miƙar da ƙafa ɗaya sambal, yatsu suna kallon sama, ki ƙirga biyar, ki sauke, sau goma kowace ƙafa. A kan gado kuma ki kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwoyi biyu, tafin ƙafa a shimfiɗe, ki ɗaga ƙugu sama ki riƙe kaɗan ki sauke. Wannan na tsokokin ƙugu da ɗuwawu ne, kuma su ne ke hana gwiwa karkata ciki lokacin tafiya. Mutane da yawa suna mance su saboda ba a nan ciwon yake ba.

Tafiya kuwa ki fara da abin da zai ba ki dariya don ƙanƙantarsa: minti biyar zuwa goma a wuri mai shimfiɗa, da takalmi mai taushin tafi wanda ya kama ƙafa. Duk bayan kwana uku ko huɗu ki ƙara minti ɗaya ko biyu. Inda ake so a kai shi ne minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar, kuma ba dole ba ne a yi shi a tashi ɗaya. Minti goma sau uku a yini lissafinsa ɗaya ne. Kuskuren da na fi gani shi ne na ranar da mutum ya tashi da sauƙi, ya ce yau zan rama na wata guda, ya yi tafiyar awa biyu, ya kwanta kwana huɗu, daga nan ya yanke hukuncin cewa motsa jiki ba nasa ba ne. Zafin nema ba ya kawo samu.

Idan kina da halin shiga ruwan ninkaya, ki yi tafiya a cikinsa ko da ba ki iya iyo ba. Ruwa ya kai ƙugu, kusan rabin nauyinki ya sauka daga kan gwiwa, ga shi kuma tsoka tana aiki wajen ture ruwan. Keken motsa jiki na tsayawa wuri ɗaya shi ma yana da kyau, muddin an ɗaga sirdin yadda gwiwa ba za ta lanƙwashe da yawa ba. Akwai kuma taici, wani motsi na sannu-sannu da ya samo asali daga Sin. A 2016 masu bincike a cibiyar lafiya ta Tufts da ke Amurka sun gwada shi a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa irin naki, suka ga amfaninsa ya yi daidai da na zuwa wurin likitan fisiyo, wato mai kula da gaɓɓai da tsoka ta hanyar motsa jiki. Cikin waɗannan duka ki zaɓi wanda za ki iya ci gaba da yi bayan wata shida, shi ne mafi kyau a gare ki.

Na san abin da ke ranki: to in na yi na ji zafi fa? Za ki ji, musamman a makonni biyun farko, kuma jin zafi a nan ba ya nufin ana ɓarna a ciki. Ga ma'aunin da masu fisiyo ke amfani da shi. Ki ɗauki ciwo daga sifili zuwa goma. Idan lokacin motsi ya tsaya a biyar ko ƙasa da haka, kuma kafin wayewar gari ya koma yadda yake kullum, to kina kan hanya. Idan ya wuce haka, ko kika wayi gari gwiwar ta fi jiya kumburi, kin zarce, sai ki rage rabi ki sake hawa a hankali. Ragewa na ce, ban ce dainawa ba. Ko a ranar da ciwon ya motsa sosai, ki lanƙwasa ki miƙar a kan gado sau da yawa a yini. Ƙarar ƙas-ƙas da gwiwa ke yi in babu zafi tare da ita ba abin damuwa ba ce. Abin da zai sa ki tsaya ki nemi likita shi ne zafi mai suka kamar wuƙa, ko gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa sulluɓe miki, ko ki ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. In dama kina da ciwon zuciya, ki sanar da likitanki kafin ki fara.

Ɗumi kafin motsi yana sassauta gaɓa, ko da tawul ne da aka tsoma a ruwan ɗumi. Sanyi kuma bayan motsi idan ta kumbura, ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, minti 15 zuwa 20. In za ki riƙe sanda, a hannun hagu za ki riƙe tunda gwiwar dama ce ta fi ciwo. Yawancin mutane a gefen ciwon suke riƙewa, kuma kuskure ne. Sannan ki ba abin lokaci. A Denmak akwai wani shiri na masu ciwon gwiwa da ƙugu da aka fara a 2013, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma ginshiƙinsa zama goma sha biyu ne na motsa jiki cikin mako shida. Kafin mako shida kada ki yanke wa kanki hukunci. Da za ki samu ganin likitan fisiyo ko sau biyu ne ya duba yadda kike yi ya gyara miki, da ya fi.

Sai abinci. A nan zan faɗi abin da masu tallar magani ba sa so a faɗa: babu wani abinci guda da ke warkar da wannan ciwo, babu kuma guda da ya jawo shi. Babban aikin da abinci zai yi wa gwiwarki shi ne sauke mata kaya. Wani mai bincike a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Stephen Messier, ya auna nauyin da ke sauka a kan gwiwa lokacin tafiya, ya nuna a 2005 cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, kimanin kilo huɗu ne ke sauka daga kan gwiwa a kowane taku. Ki juya lissafin a kanki. Kilo taran da kika ƙara sun zama kamar kilo 36 a kowane taku, ki kuma tuna taku nawa mutum ke yi a yini. Shi dai wannan malami ya jagoranci wani gwaji da aka buga a 2013, na mutum 454 masu ƙiba da ciwon gwiwa, 'yan shekara 55 zuwa sama, tsawon wata 18. An raba su uku: masu gyaran abinci kawai, masu motsa jiki kawai, da masu haɗa biyun. Waɗanda suka haɗa sun rage kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyinsu, ciwonsu kuma ya ragu da kusan rabi, sun fi sauran rukunan biyu samun sauƙi da saurin tafiya. Kashi goma na kilo 93 shi ne kilo tara da ɗan ɗoriya. Abin da ake nema daga gare ki ke nan, ki koma inda kike kafin a zaunar da ke.

Kuma zancen bai tsaya ga nauyi ba. Kitse ba kaya ne da ke kwance shiru ba, yana fitar da sinadaran da ke rura kumburi a jiki. Shi ya sa masu ƙiba suka fi kamuwa da wannan ciwo har a yatsun hannu, alhali ba a tafiya da hannu.

Ta ina za a fara? Ta abin sha, domin nan ne sukari ke shiga ba sallama. Gwangwani ɗaya na lemon zaƙi mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, wajen ƙaramin cokali tara, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa babba ita ce kimanin giram 50 a yini, ƙasa da haka ma ya fi. Ruwan 'ya'yan itace na kwali bai fi shi da wani abin kirki ba, gara ki ci ɗan itacen da kansa. Ki ƙirga cokalin sukarin da kike zubawa a shayi ki rage rabi, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daga nan sai faranti: rabinsa ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki, ragowar kuma abinci mai sitaci, in so samu ne hatsin da ba a cire masa dusa ba. Mai kuwa a auna shi da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Ko man zaitun da ake ta yabo, babban cokali ɗaya yana da kalori kusan 120, daidai da kowane mai. Soye-soye da kayan fulawa masu zaƙi da naman da aka sarrafa a masana'anta su koma na jefi-jefi.

Kada ki yi wasa da abin gina jiki, wato ƙwai, kifi, kaza, wake da danginsa, madara da yogot marar sukari. Ki tabbata akwai ɗaya a kowane cin abinci. Mai shekarunki idan ta ƙuntata wa kanta da yunwa, tsoka ce ke fara tafiya tare da kitsen, kuma tsokar nan ita muke wahalar ginawa da kujera. Rabin kilo a mako ya isa, cikin wata huɗu ko biyar kin kai. Duk tsarin da ya ce za ki zubar da kilo goma a wata guda, ki bar shi ga mai shi. In kina shan maganin ciwon sukari, ki gaya wa likita kafin ki rage abinci, don kada sukarin ya faɗi ƙasa.

Kifi mai mai a jiki, irin su sardin da makarel da salmon, sau biyu a mako, yana da kitsen omega-3 mai rage kumburi. Gaskiya amfaninsa ya fi bayyana ga masu amosanin garkuwar jiki fiye da irin naki, amma zuciyarki za ta amfana, kuma ya fi jan nama mai kitse. Tsarin cin abincin mutanen gaɓar tekun Bahar Rum da ake yawan ambato ba wani sirri ba ne, abin da na lissafa miki ne: ganye da wake da kifi da hatsi da 'ya'yan itace da yawa, jan nama da zaƙi kaɗan.

Tumatir da dankali kuwa, ki dawo da abinki. An daɗe ana zarginsu, su da barkono da sauran danginsu, amma bincike bai kama su da laifi ba, ke ma kin gwada kin gani. Idan nan gaba kika zargi wani abinci, ki bar shi shi kaɗai tsawon mako biyu ko uku, kina rubuta yadda kike ji, sannan ki dawo da shi ki ga ko wani abu ya canza. Masu gawut ne kaɗai ke da jerin abin gudu na gaskiya, su hanta da ƙoda da giya da lemon zaƙi. Kurkum da citta ki sa a girki yadda kike so. Ƙwayoyin kurkum na kwalba kuma, wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna ɗan sauƙi, amma suna karo da magungunan tsinka jini irin su wafarin, kuma an samu waɗanda suka taɓa musu hanta, don haka ba a sha sai da sanin likita. Ƙwayoyin ciwon gaɓɓai na gulukosamin da kondiroitin da suka cika shagunan magani an gwada su a Amurka a kan mutum 1,583, aka buga sakamakon a 2006, kuma a jimlace ba su fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka a jagorarta ta 2019 ta ce kada a ba da su don ciwon gwiwa. A wannan jagorar dai, motsa jiki da rage nauyi suna sahun gaba na abin da ta ƙarfafa. Kuɗin ƙwayoyin nan ki sayi takalmi mai kyau da su.

Kin ce kin gaji da magani, kuma na fahimta, amma kada gajiyar ta sa ki ɗauke shi abokin gaba. Zafin cikin da ibufurofen ya sa miki gargaɗi ne, shi da danginsa suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga jini idan aka daɗe ana sha, kuma kin kyauta da kika bari. Ki faɗa wa likita wannan ma, kuma in kika taɓa ganin bayan gida baƙi kamar kwalta, ki tafi asibiti nan take. Akwai diklofenak na shafawa, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, kuma gwiwa na cikin gaɓɓan da yake yi wa aiki sosai saboda tana kusa da fata. Ki tambayi likita ko ya dace da ke. Shafa shi don ki samu ki yi tafiyarki dabara ce mai kyau. Ki kuma kula da barcinki, domin daren da aka yi shi rabi da rabi washegarinsa ciwo ya fi cizo. Idan bayan watanni na ƙoƙari na gaskiya ciwon yana hana ki barci da fita, akwai allura a gaɓa, akwai aikin sauya gwiwa, kuma wadda ta shiga aikin da ƙarfin cinya ta fi saurin miƙewa bayansa. Wahalarki ba za ta tafi a banza ba ta kowace fuska.

Su kuma yara, ki ba su wannan amsa su karanta da kansu, don in daga bakinki ne za su ce kin ƙosa da zama ne kawai. Hana su taimako ba zai yiwu ba, sai dai a canza musu aiki. Ɗaya ya riƙa raka ki tafiyar yamma, ɗaya ya ɗauki nauyin kai ki wurin likita da kwalbar nan, mai yin cefane kuma ya daina shigo miki da lemon zaƙi da sunan gata. Ɗaukar kaya mai nauyi da doguwar tsuguno da durƙuso a ƙasa mai tauri su ɗauke miki. Shara da girki da shanya da sauran zirga-zirgar gida kuwa su sakar miki abinki, in da hali a samo miki tsintsiya mai dogon hannu don kada ki yi ta sunkuyo.

Yau kafin ki kwanta, ki sa ɗaya daga cikinsu ya riƙe agogo ya tsaya kusa da ke. Ki ƙirga sau nawa za ki iya tashi ki zauna a kujerar nan cikin daƙiƙa 30. Ko uku ne, ko da dafawa ne, ki rubuta a takarda da kwanan wata da nauyinki, ki liƙa a bango. Bayan mako shida ki sake gwadawa a kujera ɗaya, ki rubuto mini lambobin biyu, da abin da likita ya ce game da kwalbar.